Yadda Muka Kai Ƙarar Ƙarfe Kano

Wata biyu ke nan da dawowarmu, kuma har yau ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Tela, ba mu labarin Kano." Na ba da shi a shago, na ba da shi wurin mai shayi, na ba da shi a wani suna har aka cinye naman ban samu ba. Matata ta ce in rubuta shi sau ɗaya in huta, masu riguna su samu rigunansu. To ga shi. Wanda ya ji wani abu daban daga bakin Jatau, ya riƙe nawa.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Salisu, ina ɗinki a nan Dakoro ta Nijar, kan hanyar kasuwar dabbobi. Jatau taubashina ne, ɗan yayan mahaifiyata, aikinsa lodin buhuna a tasha. Shekara huɗu muna ɗaga ƙarfe a wani kango bayan gidansu, mu goma sha wani abu. Ƙarafan kuwa mu muka yi su da hannunmu. Manyan gwangwanayen tumatir muke cikawa da siminti, mu soka guntun ƙarfen mota a tsakani, mu bar shi ya sha rana.

Rigimar ta faro ne daga wani bidiyo da na gani a waya, inda wani ƙato ke cewa sai an ɗaga ƙarfe a hankali tsoka ke girma. Na kama wannan da hannu biyu. In zan ɗaga sai in ƙirga goma, in zan sauke in ƙirga goma, har damtsena ya yi zafi kamar an cusa masa barkono. Jatau kuwa cewa ya yi wannan aikin masu jinya ne. Shi fizge ƙarfe yake yi kamar yadda yake fizgar buhu, ya sake shi ya dawo da kansa. Kafin a ankara kangon ya rabu gida biyu, ƴan sannu da ƴan fizga, kowane ɓangare da butar shayinsa. Abin ya fara da wasan taubasai, amma sai da muka yi wata guda ba mu ci abinci kwano ɗaya ba.

Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata da ke sana'ar kilishi a Kano, shi ya ji labari ya kira mu a waya ya zage mu tas. Ya ce kusa da shagonsa akwai wani dattijo, Malam Garba, wanda ya tsufa yana horar da masu ɗaga ƙarfe. Mu zo ya raba mu. Aka yi alkawari a gaban ƴan kango cewa wanda aka kayar zai tsaya ya ce "na yi kuskure" sau uku da babbar murya. Jatau ya ƙara sharaɗi, wai sai mun tafi da ƙarfenmu na hannu ɗaya, mai kilo goma sha biyar.

"Don kar ka ce ƙarhen Kano ne ya ci ka," in ji shi.

Muka sa shi a buhun hatsi muka ɗaure baki.

Bayan sallar asuba muka shiga motar Maradi, irin mai mutum goma sha tara da ke ɗaukar ashirin da biyar. Aka matse mu kujera ɗaya, gwiwata cikin tasa, buhun a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ba mu yi nisa ba wasu raƙuma suka ratso hanya, shofer ya taka birki. Ƙarfen ya sulale daga buhu, ya gangara ƙarƙashin kujeru biyu, ya je ya daki diddigen wani Alhaji dillalin shanu. Alhaji ya yi salati, ya laluba ya ɗago shi da kyar, ya juya shi gaba da baya.

"Wanga na wane ne? Gini za ku yi?"

Na yi masa bayani. Nan na yi ganganci, don kafin mu wuce ƙauye biyu motar ma ta rabu. Alhaji ya bi bayana, ya ce komai na duniya a sannu ake yin sa. Shofer ya bi Jatau, ya kuma ƙara wuta don ya nuna matsayinsa. Wata tsohuwa mai zabbi uku a kwando ta ce ita dai a ba mu gona mu nome. Wani makiyayi daga arewa, da ya rufe baki da rawani tun da muka taso, ya ja rawanin ƙasa ya ce shi a rijiya da hanzari yake jawo guga, amma in zai mayar ba ya sakin igiya, don za ta ƙone masa tafi. Ba wanda ya kula shi. Ni da Jatau kowa na ta ƙoƙarin janye tsohuwar zuwa ɓangarensa.

A Maradi muka ci kopto, wato kwaɗon ganye, da garin rogo a tsaye, muka canza mota zuwa iyaka. A can kowa ya sauka da kayansa. Wani ma'aikaci dogo, mai fara'a, ya duba kartidantite ɗinmu, wato katin shaida, sannan ya nuna buhun. Da ya ga abin da ke ciki sai fara'ar ta ragu. Ya ƙwanƙwasa gwangwanin da makulli, ya kara kunne.

"Mi ke ciki?"

"Siminti, ranka ya daɗe."

"Cikin simintin fa?"

"Wani simintin," in ji Jatau.

Na taka masa ƙafa. Ma'aikacin ya ce aikinsa ne ya tabbatar, ko dai a fasa a gani, ko mu nuna masa amfanin abin. Ga dama ta samu a gaban hukuma. Na naɗe hannun riga, na gyara tsayuwa, na fara ɗagawa ina ƙirga da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku. Rana ta take, fasinjoji na jira. Ina kaiwa bakwai wata mata ta ce, "Bawan Allah, yau muke son shiga Katsina." Ma'aikacin ya duba agogonsa ya ce a ba ɗayan. Jatau ya karɓa ya fizga sau biyar kafin in sauke numfashi, mutane suka yi tafi. Ni kuwa wani abu na gani. Da hannun hagu ya ɗaga, kuma Jatau ba bahago ba ne.

Ma'aikacin ya ajiye hularsa ya gwada da kansa, sau uku, fuskarsa ta kumbura. Ya mayar mana ya ce mu wuce, kuma in mun dawo mu faɗa masa wanda ya yi nasara.

Daga Katsina zuwa Kano barci na yi, kaina kan kafaɗar Jatau ta dama. Sau biyu yana ture ni, na ɗauka tsohuwar gaba ce.

Kano kuwa, jama'a, mutane ne kamar an zazzage su daga buhu. Mu nan kabu-kabu muka sani, can sai keke mai ƙafa uku, rawaya, dubu bisa dubu, kowanne na hura ƙaho. Mai keken da ya ɗauke mu yana jin na ce "mi" maimakon "me" ya waiwayo yana dariya ya ce, "Ƴan Nijar, sannunku da zuwa." Na tambaye shi ko ana samun kuran a unguwar Kawu, ya ce kura sai gidan zu. Sai da Jatau ya nuna masa waya a kan falwaya sannan ya ce, "Au, wuta." Na ce lakwal, suka ce makaranta. Na ce shofer, suka ce direba. Ga shayinsu a kofi kamar bokiti, fari fat da madara, ba irin namu mai ɗaci a ɗan gilashi ba. Burodinsu kuma laushi kamar katifa, in ka matse shi ba ya dawowa. Amma gurasa da aka barbaɗa wa ƙuli da yaji, wannan na yafe musu komai saboda ita. Uku na ci a zama ɗaya.

Kawu Idi ya sauke mu a ɗakin da yake ajiye kilishi, ya ce ya san adadin kowane falle, kar mu gwada shi. Muka kwana cikin ƙamshi kamar azumi.

Da safe na dawo daga alwala na tarar da Jatau yana kokawa da rigarsa. Ya sa hannun hagu, amma na dama ya ƙi wuce kafaɗa. Yana ɗaga shi sai ya cije leɓe ya mayar. Bai ji shigowata ba. Na tsaya har ya gwada sau uku, sannan na kama rigar na zura masa.

"Tun yaushe?"

"Sati uku," ya ce.

"Lodin hwa?"

"Da hagu nike yi. In shugaban ƴan lodi ya gane, wani za ya sa madadina. Ka san bakin da ke jirana gida."

Na sani, ƴaƴa huɗu da tsohuwarsa. A kangonmu abin ya same shi, ranar da ya saki babban ƙarfe ya dawo da nauyinsa duka ya finciki kafaɗar. Ya ɓoye saboda aiki, ya kuma ɓoye don kar ƴan sannu su yi masa dariya. Na zo Kano ne in kayar da shi, ga shi an miƙo mini nasarar a hannu, sai na ji ba na son ta.

"Ka hwaɗa wa kowa, sai na kashe ka," ya ce.

"Da wane hannun?" na ce.

Ya yi dariya har kafaɗar ta amsa, ya zage ni. Rabon da mu yi dariya tare tun kafin damina.

Wurin Malam Garba bene ne, a saman wani shagon taya. Irin wannan wurin motsa jiki mu sal muke cewa, su jim. Bango duk madubi, kiɗa na tashi, ƙarafa jere kamar kayan lefe, kowanne da nauyinsa a rubuce. Na ga mutum da tumbi yana gudu kan wani bel da ke juyawa, yana zufa, bai je ko'ina ba. Na ce wa Jatau wannan a kai shi Dakoro ya bi akuya ɗaya da ta ɓata. Ina ta waige ina neman ƙaton da zai zama Malam Garba, sai Kawu ya kai mu gaban wani ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura, da tabarau rataye da zare, yana ɓare gyaɗa. A gabansa wasu tsofaffi huɗu na zaune kan benci, suna tashi suna zama. Yana ce musu, "Tashi da zafi, Alhaji, kamar an kira ka rabon nama. Yawwa. Zauna a hankali, bencin ba ya gudu."

Da ya sallame su muka gaisa, na kwance buhu. Ya ɗauki ƙarfen namu ya juya shi, ya shafa simintin, ya ce irinsa ya fara ɗagawa yana saurayi. Ya saurari ƙararmu har ƙarshe bai katse mu ba, yana ta cin gyaɗarsa. Sannan ya ce in nuna nawa.

Na yi mafi kyawun ɗagawar da na taɓa yi. Goma sama, goma ƙasa, ina kallon kaina a madubi, abin da ban taɓa samu ba a kango. Na yi sau huɗu hannuna ya mutu.

"Shekara nawa kana ɗaga wannan ɗin?"

"Biyu, Malam."

"Shi ɗin dai? Ba ka ƙara nauyi ba?"

"Ai yana ƙona ni sosai."

"Zafi daban, ƙarfi daban," ya ce. "Zo nan."

Ya kwantar da ni kan wani benci, ya ɗora wa sanda faifan ƙarfe har na ce masa ina da iyali. Ya tsaya a kaina ya ce in sauko da ita ƙirji ina riƙe da ita, ƙirga biyu ko uku ya isa, sannan in tura ta sama da dukan zafin da Allah ya ba ni, kamar ina son ta fasa rufi. Na sauko da ita. Na tura. Jama'a, ta tashi. Ba ta tashi da gudu ba, don tana da nauyi, amma ta tashi, ta kuma tashi, har sau biyar. A na shida ta fara jan ƙafa, ya kama ya ce ya isa. Na miƙe na karanta abin da ke rubuce jikin faifan, na sake karantawa. Ban san lokacin da na rungume Kawu Idi ba. Na zagaya sal ɗin ina gaisawa da mutanen da ban sani ba, har da mai gudu kan bel, wanda ya miƙo hannu ya kusa kifewa.

Malam Garba ya bar ni na gama haukata, sannan ya zaunar da mu. Ya ce in girman tsoka ake nema, sauri ko sannu ba su ne babban zance ba. Muddin kai ke riƙe da ƙarfen, kuma ka yi har ka kusa gazawa, tsoka za ta girma. Amma irin sannun da nake yi ta wuce kima, tana gajiyar da ni kafin in taɓa nauyin kirki, shi ya sa na shekara biyu wuri ɗaya. In kuma ƙarfi ake so, to niyyar turawa da sauri ita ce kan gaba, ko da nauyin bai bar sandar ta yi gudu ba. Kuma in ka ga ta fara jan ƙafa sosai, ka ajiye ka huta.

Jatau ya fara washe baki yana kallona. Malam ya juya gare shi.

"Kai kuma ba sai ka nuna ba. Tun shigowarka kake riƙe da hannun dama kamar na aro. Ɗaga shi mu gani."

Hannun ya tsaya rabin hanya.

"Tura ƙarfe da sauri daban, wurgi da shi daban. Kai da baya da ƙugu kake fizga, sannan ka sake shi ya faɗo, gaɓa ta karɓi abin da tsoka ya kamata ta riƙe. Saukewar nan da kake zubarwa rabin aikin ce. Ni ba likita ba ne, yau ɗin nan za ka je a duba ka."

Kawu ya kai mu wani asibiti, muka wuni a layi. Aka duba, aka ɗauki hoto, likitar ta ce jijiyar ta ji ciwo amma ba ta tsinke ba. Ta ce ya bar ɗaukar kaya na wasu makonni, ta koya masa motsin da zai riƙa yi. Jatau ya fito ya zauna kan dakali ya rufe fuska da hula, ya daɗe yana hamdala. Ashe duk tsawon hanyar nan yana tunanin fiɗa za a yi masa.

Washegari muka koma wurin Malam Garba sallama. Nan na ga abin da ba zan manta ba. Shugaban ƴan fizga na Dakoro tsaye gaban madubi, riƙe da ɗan ƙarfe mai kilo ɗaya, launin hoda, irin wanda mata ke amfani da shi a lokacinsu na safe, yana ɗagawa a hankali yana ƙirgawa. Ni kuma shugaban ƴan sannu ina gefe ana ce mini, "Da zafi, Tela, da zafi." Na roƙi Kawu ya ɗauke shi hoto. Yana nan a wayata, mai son gani ya zo shago, kallo kyauta ne.

Kafin mu tafi na tambayi Malam game da tsofaffin nan na benci. Ya ce abin da tsufa ke fara ɗauke wa mutum shi ne zafin nama, tun kafin ƙarfin kansa ya tafi. Shi ya sa tsoho ke iya tafiya kasuwa amma tashi daga zaune ya gagare shi. In ana motsa wannan zafin, yakan ɗan dawo. Nan take mahaifina ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi, har ya bar zuwa masallacin Juma'a, wai ba za a riƙa ɗaga shi kamar buhu a gaban mutane ba.

Ƙarfenmu muka bar wa Malam Garba, ya ce zai sa shi inda samarinsa za su riƙa gani. A iyaka ba mu tarar da ma'aikacin nan ba, muka bar masa saƙo wurin abokin aikinsa cewa an kayar da mu duka biyu. A kango muka tsaya muka faɗi "na yi kuskure" sau uku. Nawa an ji shi har tasha. Na Jatau sai da aka sa ya maimaita. Makonnin hutunsa a shagona ya yi su yana guga da hannun hagu, ya ƙona wando ɗaya kacal, kuma satin da ya wuce ya koma lodi.

Baba kuwa, kwana biyu da dawowa na kifa masa turmi a tsakar gida, na ɗora matashi, na zaunar da shi. Na ce ya tashi da zafi, ya zauna a hankali.

"Kano ka tahi ka koyo tashi da zama?" ya ce. "Uwarka ta koya maka wanga kana wata tara."

Amma ya yi. Ranar farko sau uku, yana riƙe da hannuna yana zagina. Bayan sati biyu ya saki hannun. Daga turmi muka koma kujerar tsugunno, daga ita muka koma buzun sallarsa. Wata safiya na shigo na same shi yana yi shi kaɗai a bayan rumbu, da ya gan ni ya ce carbinsa yake nema.

Juma'ar da ta wuce ya sa in ɗauko masa farar rigarsa. Muka tafi a hankali, muka samu wuri a sahu na uku. Da aka tada iƙama na miƙa masa hannu kamar yadda na saba. Ya doke shi. Ya dafa ƙasa, ya tattara ƙafafunsa, ya miƙe tsaye tun ina durƙushe. Ya dube ni daga sama ya ce, "Tashi mana, kana tsare wa mutane sahu."